Su wa ke zama su yanke hukunci a kan kuɗin fanshon malamai? Abin da ya faru a jihar Ohio

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko maganar yau. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, shekara 35 ya yi yana riƙe da alli. Bayan ya yi ritaya ni nake raka shi wajen tantance 'yan fansho. Har yanzu ina tuna ambulan ɗin da yake rungumewa, a ciki akwai takardar ɗaukar aiki, da takardar ƙarin girma ta ƙarshe, da takardar ajiye aiki. Wata rana muna zaune a gindin bishiya ana jiran layi, sai wani dattijo abokin aikinsa ya juyo ya ce masa, "Malam, wai su wa ke zama su yanke hukunci a kan kuɗin nan namu? Ka san ko mutum ɗaya a cikinsu?" Baba ya yi shiru. Duk dattawan da ke wurin babu wanda ya iya kawo suna ko ɗaya. To wannan tambayar ce ta dawo mini da na bi labarin malaman jihar Ohio ta Amurka, domin su sun san sunayen, har ma su ke zaɓen mafi yawansu, amma duk da haka rigima ba ta ƙare ba.

Ga yadda abin yake. A jihar Ohio akwai asusun fansho na malaman makarantun gwamnati, ana kiransa STRS a taƙaice, kuma tun 1920 yake aiki. Mutanen da ke da haƙƙi a cikinsa sun kai wajen 500,000, in aka haɗa masu aiki da waɗanda suka bar aiki da 'yan fansho. Kuɗin da ke ciki ya haura dala biliyan 90. Kowane malami ana cire masa kashi 14 cikin 100 na albashinsa a zuba, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba kashi 14. Sannan ga wani abu da ya kamata ku riƙe: yawancin ma'aikatan Amurka suna da fanshon gwamnatin tarayya da ake kira Social Security, amma aikin koyarwa a makarantun gwamnatin Ohio ba ya cikin wannan tsarin. Wato ga malami da yawa a can, wannan asusun shi ne gatansa a tsufa. In ya girgiza, ba shi da wata madafa.

Asusun yana da hukumar gudanarwa, ita ce kamar uwar adashe. Shekara da shekaru kujerunta 11 ne. Bakwai malamai ne ke zaɓensu: biyar daga cikin malaman da ke bakin aiki, biyu daga cikin 'yan fansho. Sauran huɗun na gwamnati ne: gwamna ya naɗa ɗaya, ma'ajin jiha ya naɗa ɗaya, shugabannin majalisun jihar biyu su haɗu su naɗa ɗaya, sai kuma kujerar shugaban ma'aikatar ilimi ko wakilinsa. Wa'adin zaɓaɓɓu shekara huɗu ne, kuma ba albashi ake biyansu ba. Su ne ke ɗaukar babban darakta, su amince da tsarin zuba jari, su amince da kasafin kuɗin ma'aikata. Kun ga ke nan a takarda malamai ne ke da rinjaye, bakwai da huɗu.

To ina matsalar ta taso? Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya na 2008, asusun ya yi asara mai yawa, lissafi ya nuna abin da ke hannu ba zai ishi alkawuran da aka ɗauka ba. A 2012 majalisar jihar ta yi gyaran doka. Aka ɗaga abin da malami ke zubawa daga kashi 10 zuwa kashi 14 a hankali, aka ƙara shekarun aikin da ake buƙata kafin a samu cikakken fansho har zuwa 35, sannan aka rage ƙarin da ake yi wa 'yan fansho duk shekara saboda tsadar rayuwa daga kashi 3 zuwa kashi 2. Dokar ta kuma ba hukumar ikon ta taɓa wannan ƙarin da kanta. A 2017 hukumar ta yi amfani da ikon, ta mayar da ƙarin sifiri.

Ku ɗan tsaya mu yi lissafi, don a gane zafin abin. A ce farashin kaya yana tashi da kashi 3 kacal duk shekara, fanshonka kuma yana tsaye wuri ɗaya. Bayan shekara biyar, dala 100 ɗinka abin dala 86 za ta saya maka. Ba wanda ya cire maka ko sisi a takarda, amma buhunka ya ragu. Malaman Ohio sun yi shekara biyar a haka, kuma a watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1. An dai yi musu ƙarin kashi 3 a 2022, da kashi 1 a 2023, sai dai kowanne sau ɗaya aka amince da shi, ba a dawo da tsarin da suka yi ritaya a kansa ba.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne tukuicin ma'aikata. Asusun yana da nasa ƙwararru masu juya kuɗin, kuma ana ba su tukuici bayan albashi in sun yi ƙoƙari. A shekarar kuɗi ta 2022 asusun ya yi asarar sama da dala biliyan 5, amma aka amince a raba wa waɗannan ma'aikata tukuicin kusan dala miliyan 10. Shugabannin asusun suna da hujjarsu. Suka ce ba da riba ko asara ake auna ma'aikacin ba, da kasuwa ake auna shi: in kasuwa ta faɗi da yawa, kai kuma ka faɗi kaɗan, to ka yi ƙoƙari. Suka ƙara da cewa riƙe ƙwararru a gida ya fi araha a kan biyan dillalan waje. Maganar tana da ma'ana a wajen masu harkar. Amma ku saka kanku a matsayin tsohuwar malama da aka ce mata babu kuɗin ƙari, sai ta ji an raba tukuici a shekarar asara. Kamar ka ba makiyayi kiwon shanu 100, ya dawo maka da 95, ya ce ai na maƙwabta 90 suka rage, don haka a ba shi goro. Ƙila gaskiya ya faɗa, amma kafin ka ba da goron za ka so ka ƙirga shanun da idonka.

Nan ne maganar sa ido ta shigo. Wani kaso na kuɗin asusun ana zuba shi ne a kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari, ta hannun dillalai masu zaman kansu. Irin wannan jarin ba a ganin farashinsa kullum a allo, sau da yawa dillalin ne da kansa ke ƙiyasta darajar abin da ke hannunsa, kuma yarjejeniyar la'adarsa ana ɗaukarta sirrin kasuwanci. Ƙungiyar malamai 'yan fansho ta jihar, wadda ake kira ORTA, ta yi karo-karo ta ɗauko wani lauya mai suna Edward Siedle, tsohon ma'aikacin hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ya yi musu bincike. Rahotonsa ya fito a 2021, ya zargi asusun da ɓoye bayanai da biyan la'ada mai yawa. Asusun ya musanta. Wannan ya sa babban mai binciken kuɗi na jihar, Keith Faber, ya yi bincike na musamman, ya fitar da sakamako a Disambar 2022. Ya ce bai ga shaidar zamba ko karya doka ba, amma ya ba da shawarar a ƙara buɗe bayanai ga masu kuɗin. Sai kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Waɗannan suka ce kun ji, ba sata. Waɗancan suka ce kun ji, akwai rufa-rufa.

Daga nan 'yan fansho da malaman da ke goyon bayansu suka ce tun da kujeru bakwai namu ne, bari mu cika su da mutanenmu. Suka shiga kamfe kamar na siyasa, a Facebook da tarurruka, suka dinga cin zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Ana kiransu masu neman sauyi. Buƙatunsu: a dawo da ƙarin tsadar rayuwa, a rage tukuici da kashe-kashe, a mayar da kuɗin zuwa irin jarin da ke bin kasuwa kawai, wanda la'adarsa ba ta da yawa.

A watan Mayun 2023, daidai lokacin da sakamakon zaɓe zai ba su rinjaye, Gwamna Mike DeWine ya cire mutumin da ke kan kujerar gwamna a hukumar, Wade Steen, wanda ke tare da masu neman sauyi, ya maye gurbinsa da wani. Steen ya garzaya kotu. A Afrilun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamna ba shi da hurumin cire shi kafin wa'adinsa ya cika, ya koma kujerarsa, rinjaye ya koma hannun masu neman sauyi.

Ba a yi wata guda ba sai ga wata takarda marar sa hannu ta isa ofishin gwamna, tana zargin cewa wasu 'yan kasuwa na waje suna ƙoƙarin ƙwace asusun ta hanyar zaɓen hukumar. Antoni Janar na jihar, Dave Yost, ya shigar da ƙara a watan Mayun 2024 yana neman a cire mutum biyu: Steen, da Rudy Fichtenbaum, tsohon farfesan tattalin arziki da ke kan ɗaya daga kujerun 'yan fansho. Zargin shi ne sun ci amanar kujerarsu, ta hanyar tura shawarar a yi hulɗar da ta shafi wajen dala biliyan 65 na asusun da wani sabon kamfani mai suna QED, wanda a cewar ƙarar ba shi da tarihin juya irin wannan kuɗi. Su biyun sun musanta zargin, suka ce neman hanyar ƙara wa malamai riba suke yi, kuma ana so a rufe musu baki ne. Kuɗin dai ba a miƙa wa kamfanin ba. A cikin makon da aka shigar da ƙarar, sabon rinjayen hukumar ya zaɓi Fichtenbaum shugaba.

Sai majalisa ta shigo. A cikin dokar kasafin kuɗin jihar da aka sa wa hannu a ƙarshen Yunin 2025, an cusa wani sashe a matakin ƙarshe wanda zai rage zaɓaɓɓun kujeru daga bakwai zuwa uku a hankali, biyu na masu aiki, ɗaya na 'yan fansho, sauran takwas su zama naɗaɗɗu. Masu goyon baya suka ce dala biliyan 90 na buƙatar ƙwararru da kwanciyar hankali. Ƙungiyoyin malamai suka ce an ƙwace musu murya a kan kuɗinsu ba tare da an zauna an saurare su ba, suka kai ƙara, kotu kuma ta dakatar da aiwatar da sauyin na wucin gadi.

To jama'a, ga abin da ni na fahimta daga wannan dogon labari. Wakilci daban, sa ido daban, kuma kowanne ba ya isa shi kaɗai.

Wakilci shi ne a ce mai kuɗin yana da kujera. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwararren da aka naɗa zai iya kallon dakatar da ƙarin kashi 2 a matsayin layi ɗaya a takardar lissafi, amma wanda ke sayen maganin hawan jini da wannan kuɗin ya san nauyinsa. Sai dai ko a cikin malamai buƙata ba ɗaya ba ce. Mai aiki yana so a rage masa abin da ake cirewa da shekarun da zai yi, ɗan fansho yana so a ƙara masa abin da yake karɓa, kuma duka daga tukunya ɗaya za a ɗiba. Shi ya sa 'yan fanshon Ohio, da yawansu ya haura 150,000, suka daɗe suna ganin kujeru biyu cikin 11 sun yi musu kaɗan.

Sa ido kuwa shi ne a ce akwai wanda zai iya buɗe littafi ya duba, kuma akwai wanda ke duba mai dubawar. Malaman Ohio sun yi shekaru da kujeru bakwai, amma a ƙarƙashin wannan rinjayen aka dakatar da ƙarin, kuma 'yan fansho suka ce an hana su ganin yarjejeniyoyin la'ada. Wakilin da aka ajiye wa takarda mai shafi ɗari a gabansa, bai san me zai tambaya ba, sai dai ya ɗaga hannu in an ce a ɗaga. A ɗaya gefen kuma, ƙarar Antoni Janar ta tuna mana cewa shi ma wakilin da muka zaɓa mutum ne. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, dole a samu dokar da ta ce wa yake ganawa da shi, wa ya taimaka masa a kamfe, kuma wace hanya shawarar zuba jari za ta bi kafin ta iso teburi. Kasancewar mutum namu ba ya ɗauke masa bincike.

Haka nan naɗaɗɗe. In gwamnati ta ce za ta cike kujeru da ƙwararru, tambayar ita ce ƙwararren wa yake jin tsoro? Wanda ya naɗa shi, ko malamin da kuɗinsa ne? Gwamnati ma tana da nata muradi, domin ita ce mai zuba kason ma'aikata, kuma duk ƙarin da aka yi wa fansho yana iya dawowa kan kasafinta.

Akwai kuma gaskiyar lissafi da kujera ba ta canza ta. Abin da ke cikin asusun Ohio kashi 80 da ɗan wani abu ne na alkawuran da ke kansa. Dokar jihar ta ce kafin a ƙara wani haƙƙi sai masanin lissafin fansho ya tabbatar ba zai raunana asusun ba. Shi ya sa ko da masu neman sauyi suka samu rinjaye, ba su iya dawo da ƙarin kashi 3 na dindindin da rana ɗaya ba. Duk ɗan takarar da ya yi maka alkawarin ƙari, tambaye shi daga ina kuɗin zai fito.

Yanzu mu dawo gida kaɗan, domin tambayar abokin Baba tana nan. A Najeriya dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta kafa tsarin karo-karo: ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Dokar ta raba aiki, kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, hukumar PenCom kuma tana sa ido a kansu. A hukumar gudanarwar PenCom doka ta ware kujeru ga Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC, da TUC, da Ƙungiyar 'Yan Fansho ta Najeriya. Wato akwai wakilci a sama. Amma malamin firamare da na sakandaren jiha, fanshonsa yana ƙarƙashin dokar jiharsa ne da hukumomin fansho na jiha da na ƙananan hukumomi, kuma kowace jiha da irin nata tsarin. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, ku maimaita lissafin da muka yi ɗazu ku ga abin da ke faruwa da fanshon da ya tsaya. Kuma mun ga abin da rashin sa ido ke haifarwa: a Nuwambar 2021 kotun tarayya a Abuja ta yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyaran harkar fansho, ɗaurin shekara takwas kan halasta kuɗin haram.

Saboda haka in kai malami ne, ko 'yar malami, ko kana da tsoho a gida mai jiran alat, ga abin da nake ganin ya kamata a tambaya a taron ƙungiya na gaba. Dokar da ta kafa hukumar fanshon jiharmu, kujeru nawa ta ba malamai, nawa ta ba 'yan fansho? Wa ke kan kujerar yanzu, zaɓensa aka yi ko naɗa shi aka yi, kuma yaushe ya dawo ya yi mana bayani? Kuɗin da ake cirewa a albashi, ana zuba shi a asusu duk wata? Ina rahoton binciken kuɗi na bara, wa ya yi shi, kuma zan iya samun kwafi? Waɗannan ba tambayoyin rashin kunya ba ne, mai kuɗi ne ke tambayar kuɗinsa.

Malaman Ohio ba su gama rigimarsu ba, amma abu ɗaya ya burge ni a kansu: tsofaffi ne masu shekara 70 da 80 suke cika ɗakin taron hukumar a birnin Columbus, suna riƙe da takardu, suna kiran kowane wakili da sunansa. Baba da abokansa ba su samu wannan ba, sun tafi ba su san sunan ko mutum ɗaya ba.

A nan za mu dakata. Wanda ya san yadda hukumar fanshon jiharsa take, musamman iyayenmu malamai da suka yi ritaya, ya rubuto mana a ƙasa, za mu karanta wasu a shiri na gaba. A tura wa wani malami ya gani.